Sai an Tambayi Nuala Sau Uku

Har zuwa bara, babu wanda ya taɓa jin Nuala Tansey ta karɓi abu a tayin farko a duk garin Tubbercurry. Ko ƙishirwa za ta kashe ta, in ka miƙa mata ruwa sai ta ce a'a, yanzun nan ta sha. Ka sake miƙawa, ta ce kada ka wahalar da kanka. Sai a karo na uku za ta ɗan karkata kai ta ce to, tunda ka matsa, kurɓi ɗaya. Daga nan kuma ta shanye kofin tas. Mu a nan yammacin Ireland ba ma ganin abin mamaki a ciki, don duk haka aka rene mu. Bambancin Nuala da sauranmu shi ne ita ba ta taɓa tsallake ko ɗaya daga cikin ukun ba.

A gonar tumaki aka haife ta, ita ce ta biyar cikin su bakwai. Uwarsu mace ce mai kara har ta yi yawa. In ta kai su gidan maƙwabta aka fito da biskit, duk yaron da ya miƙa hannu a tayin farko zai sha mintsini a ƙarƙashin tebur, sauran hukuncin kuma sai an koma gida. Ubansu ya taɓa takawa mil bakwai da ƙafa daga kasuwar shanu, saboda wani baƙo ɗan Ingila ya tsaya da mota ya ce ya shigo, shi kuma ya ce a'a, sai mutumin ya ja motarsa ya tafi. Har tsohon ya rasu yana ba da labarin nan, a matsayin shaidar cewa akwai mutanen da Allah bai sa wa tausayi a zuciya ba.

Mijinta Dessie, direban tankar madara ne kafin ya yi ritaya, kuma sau uku ya nemi aurenta. Shi da yake ɗan gari ne bai damu ba. Da ta ƙi shi karo na biyu, washegari ya je ya kama zauren da za a yi biki.

Tana da shekara goma sha tara ta fara aiki a gidan wankin Mulrooney, inda ake wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal da gidajen kula da tsofaffi. Yanzu shekararta hamsin da takwas, kuma ita ce babba a ɗakin guga. Lokacin da ta fara su takwas ne, duk 'yan coci ɗaya, kowa ya san kakar kowa. Yau ma'aikata ashirin da biyu ne, daga Poland da Brazil da Indiya da Siriya, 'yan gari ba su fi shida ba. Wasu tsofaffin gari sun yi ta gunaguni, amma ban da Nuala. Ita abin da ya dame ta kawai shi ne kowa ya zauna a tebur ɗaya lokacin shayin ƙarfe goma, ya ci burodin alkama da take gasowa kullum da safe. Ta daina kawo naman alade saboda Samir mai kula da tukunyar tururi. Ta ci wani soye mai yaji da Sheeba 'yar Indiya ta kawo har hawaye ya zubo mata, kuma da aka yi mata tayi na uku ta ƙara.

Injin guga na gidan babba ne, tsawonsa ya kai mota, kuma mutum biyu ke ciyar da shi. Kowa ya riƙe kusurwa ɗaya ta zanen gado, a ja shi ya miƙe, a saka a tare. In ɗaya ya riga ɗaya ko da ƙiftawar ido ne, zanen zai fito a karkace da ƙaton layi a tsakiya, sai an sake jiƙa shi. Shekara uku Nuala tana wannan aiki da Danuta Wrona, kuma ba ta taɓa samun abokiyar aiki kamarta ba.

Danuta 'yar Poland ce, doguwa, ta kusa hamsin, mijinta ya rasu tun kafin ta zo. Ba ta iya kwana-kwana ba. Ran da Nuala ta gyara gashi ta tambaye ta yaya ta gani, Danuta ta duba da kyau ta ce na da ya fi. Nuala ta yi kwana biyu tana jin zafin maganar, sannan ta koma na da, don gaskiya ya fi. Daga nan suka shaƙu. Nuala na kiranta Alƙali, ita kuma tana kiran Nuala Gwamnati. A gaban injin ba sa ko duban juna, hannuwansu ke magana, bakinsu kuma yana kan 'yar Danuta da ke karatu a Galway da kuma shirmen Dessie.

Shirmen Dessie ne ma ya jawo abin. Wata Talata a watan Oktoba ya hau tsani zai share magudanar rufin gida, abin da Nuala ta hana shi ya fi sau goma, sai ya faɗo ya karya idon sawu. Maƙwabci ya kira ta ana dab da tashi daga aiki, ya ce an wuce da shi asibitin Sligo. Nuala ba ta tuƙi, Dessie ne ke ɗaukarta kullum. Ta fito ƙofa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Danuta ta tsaya da motarta ta sauke gilashi.

“Gwamnati, shigo in kai ki asibiti.”

“A'a, a'a, ƙawata, kada ki wahalar da kanki. Bas zan hau.”

Danuta ta dube ta, ta ce to, Allah ya ba shi lafiya. Ta ɗaga gilashi ta tafi.

Nuala ta riga ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta nufi motar. A haka ta tsaya tana kallon jan fitilun baya har suka sha kwana. Awa ɗaya da rabi ta yi a tashar bas, ta jiƙe sharkaf, ba ta san ko mijinta ƙafa kawai ya karya ko har da kai ba. Da ta isa ta same shi zaune yana cin tuffa yana yi wa nas surutu. Hankalinta ya kwanta game da Dessie, amma abin da Danuta ta yi ya tsaya mata a rai. Ba jiƙewar ce ta dame ta ba. Ta ɗauka matar nan ƙawarta ce, sai ga shi ta yi mata tayin fita kunya, irin wanda ake yi wa wanda ba a damu da shi ba.

Wani zai ce ai sai ta same ta ta faɗa mata. Wanda ya ce haka bai san mu ba. Mu in ranmu ya ɓaci ba ma faɗa, ladabi muke ƙarawa. Washegari Nuala ta zo aiki ta ce, “Barka da safiya, Danuta,” da sunanta na yanka. Ta shiga cewa don Allah da na gode a kan kowane zanen gado. Tsokana ta ƙare. Da ƙarfe goma ta yi, ta miƙa wa Danuta burodi sau ɗaya, Danuta ta ce ta ƙoshi, sai ta janye faranti ta wuce. Duk 'yan garin da ke teburin suka sunkuyar da kai, don sun san an kai maƙura.

Danuta da farko har daɗi ta ji, ta ɗauka an fara jin maganarta. Sai da aka yi mako ta gane akwai wata a ƙasa. Ta tambayi Nuala ko ta yi mata wani laifi. Nuala ta ce laifin me, babu komai, ko kaɗan. Danuta ta ga baki ya ce babu, fuska kuma ta ce akwai, ta rasa wanda za ta kama. Kullum da yamma tana wuce Nuala a tashar bas, ga shi hanyarsu ɗaya, amma ba ta tsayawa, tunda an riga an faɗa mata bas ake so. Nuala kuma kowace wucewa tana ƙara mata ciwo.

Kafin wata ya cika tebur ɗaya ya koma biyu. 'Yan gari sun ji labarin ruwan nan, suka koma gefen taga suna cewa mutanen can zuciyarsu sanyi gare ta kamar ƙasarsu. 'Yan Poland suka koma gefen ƙofa suna cewa 'yan gari murmushi a fuska, wuƙa a aljihu. Valdir, direban motar kai kaya ɗan Brazil, ya ce shi zai riƙa shan shayinsa a tsaye a tsakiya kamar sojan sulhu. Zannuwa kuwa suka dinga fitowa a karkace. A mako na shida Danuta ta shiga ofis ta cika takardar neman a mayar da ita reshen gidan wankin da ke garin Castlebar. Ta ce wa mai gidan ba ta zama inda ba a son ta. Ranar Juma'a ce za ta zama ranarta ta ƙarshe.

Da Nuala ta ji, sai ta shiga ɗakin ajiyar tawul ta rufe ƙofa ta tsaya. Ba ta so matar nan ta tafi. Duk fushin da take yi, ba ta taɓa kawo wa ranta za ta ɗaga ido ta ga wata a ɗaya kusurwar zanen ba.

Mai gidan, Fintan Mulrooney, ɗan tsohon da ya ɗauki Nuala aiki ne, kuma ta san shi tun yana yawo da majina. Ya taɓa zuwa Dublin kwas na kwana biyu kan sasanta ma'aikata, ya dawo da takardar shaida ya rataye, bai samu inda zai gwada ba sai yanzu. Ranar Alhamis ya kira su biyun ofis. Ya ce ƙa'ida ita ce wanda ya riƙe abu a hannu shi kaɗai zai yi magana, sai ya fito da cokalin katako da ya aro daga kicin. Nuala ta ce ta san cokalin nan, irinsa uwarsa ke bin sa da shi a tsakar gida. Fintan ya yi kamar bai ji ba.

Minti ashirin ana abu ɗaya. Nuala ta riƙe cokali ta ce ita ba ta da matsala da kowa, Danuta ma'aikaciya ce ta kirki, tana yi mata fatan alheri. Danuta ta karɓa ta ce, “Ka ji ko? Mako shida ke nan abin da nake sha.” Fintan ya duba takardunsa na Dublin bai ga inda aka yi maganar irin wannan ba. Da ya rasa ta cewa, sai ya yi abin da kowane ɗan ƙasar nan ke yi in ya rasa ta cewa. Ya tashi ya kunna butar shayi.

Ya tambayi Danuta, ta ce tana so, ba sukari. Ya tambayi Nuala, ta ce a'a, ta gode. Ya ce haba, kofi ɗaya. Ta ce kada ya damu da ita. Ya ce ai ruwan ya riga ya tafasa. Ta ce to, rabin kofi, tunda ya matsa. Ya cika mata kofi, ta kama da hannu biyu ta yi kurɓa mai tsawo, ta sauke ajiyar zuciya ta ce tun safe take marmarinsa.

Danuta ta ajiye nata kofin a hankali.

“Tsaya. Tun safe kike son shayi?”

“Kamar in mutu.”

“To me ya sa kika ce a'a sau biyu?”

Nuala ta dube ta kamar an tambaye ta dalilin da ya sa take sa takalmi. Ta ce ai ba a karɓa a tayin farko, sai ka ce mayunwaci. Dole ka ba mutum dama ya janye in dama bai yi niyya ba. In ya sake, ya kuma sake, to da gaske yake.

Ashe shekara uku Danuta na ganin wannan abu tana yi masa wata fassara. Ta ɗauka 'yan gari ba sa so ne da gaske, ana matsa musu har su gaji su karɓa, kamar yadda ita ma take gajiya ta karɓi burodi. Ana ganin tunani na tafiya a fuskarta, har ya isa inda za shi.

“Ranar ruwan nan,” in ji ta. “Kina so in kai ki.”

Nuala ta kafa wa cokalin ido. Ta ce ranar ƙafarta ɗaya ta riga ta tashi za ta nufi motar, daga baya kuma awa ɗaya da rabi ta yi tana jiran bas.

Danuta ta faɗi wata kalma da yarensu wadda Fintan bai nemi fassararta ba. Ta ce ranar sai da ta tsaya a kwanar gidan mai ta yi minti biyar tana shawarar komawa. Amma ta tuna lokacin da nata mijin ke kwance asibiti, ba abin da take so kamar a ƙyale ta ita kaɗai, kuma mutane suka ƙi ƙyale ta. Shi ya sa ta ce bari ta girmama maganar Nuala. A wurinsu, in babba ya ce a'a ka sake tambaya, kamar ka ce masa maƙaryaci ne, ko yaro da bai san abin da yake so ba.

“Awa ɗaya da rabi cikin ruwa,” ta ce, idonta ya kawo ƙwalla. “Ga mota da kujera huɗu babu kowa. Ke wace irin mace ce?”

Nuala ta ji kunya ta rufe ta, ta kuma ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Sai kuma wani abu ya faɗo mata. Ta tambaya, to burodin fa, shekara uku ba ta so take ci? Danuta ta ce tana so, burodi ne mai kyau, amma ba kullum ba. Talata da Juma'a sun isa.

Fintan ya yi murna, har ya fara tunanin kwas ɗin Dublin ne ya yi aiki. Ya ce to sai a yaga takarda. Danuta ta ce a'a. Ta riga ta ba mutanen Castlebar magana, kuma har yanzu ba ta ji wanda ya ce ta zauna ba. Ta juya ta dubi Nuala. Nuala ta buɗe baki, ga maganar a kan harshe, amma abin da ya fito shi ne, “Duk wanda ya fi miki sauƙi, ƙawata, kada ki duba mu.” Danuta ta tashi ta koma aiki. Fintan ya ce takardar na cikin aljihun tebur har ƙarfe huɗu na Juma'a, daga nan zai aika.

A wurin cin abincin yamma Nuala ta ba Dessie labari. Yana zaune ƙafa a kan matashi, yana ɓare dankali. Ya ce shekara talatin da biyar suna tare bai taɓa jin ta roƙi kowa komai ba, ko gishiri take so a tebur sai ta tambaye shi ko abincin bai yi masa lami ba. Ta ce wanda ya faɗo daga tsani ba shi da bakin ba da shawara. Amma da ta fita rufe kaji, Dessie ya jiyo ta ta taga tana ce wa wata jar kaza, “Ina so ki zauna.” Sau huɗu ta maimaita, kuma ya yi hankali bai taɓa tayar da maganar ba sai da komai ya wuce.

Juma'a ta zo. Aka sha shayin ƙarfe goma, Nuala ba ta ce komai ba. Aka ci abincin rana, shiru. Sheeba ta kawo kek na ban kwana ta ɓoye a kabad, don ba ta san ko za a yanka ba. Ƙarfe huɗu saura kwata suka ɗauko zanen ƙarshe daga kwando. Kowacce ta kama kusurwarta, suka ja ya miƙe. Nuala ba ta saka nata gefen ba.

“Danuta,” ta ce da ƙarfi, don sai ta ɗaga murya ta fi ƙarar injin. “Kada ki tafi. Ba don Fintan ba, ba don aikin ba. Ni nake so ki zauna.”

Duk ɗakin ya tsaya. Valdir ya ajiye buhun da ke kafaɗarsa.

Danuta ta dube ta ido cikin ido ta ce, “A'a.”

Bakin Nuala ya riga ya shirya tayi na biyu, don shi ya saba. Sai ta tuna abin da aka faɗa a ofis, cewa a'ar matar nan a'a ce, kuma sake tambaya raini ne. Ta haɗiye maganar. Ta gyaɗa kai ta ce, “To. Na ji. Allah ya sa can ya fi miki.” Ta juya za ta saka zanen a injin, hawaye na neman tona mata asiri.

Zanen ya ƙi tafiya. Danuta ta riƙe nata gefen gam.

“Shi ke nan?” in ji Danuta. “Sau ɗaya? Gwamnati, wa ya rene ki? Saura biyu.”

Nuala ta tsaya baki buɗe. Sannan dariya da kuka suka zo mata a tare, ta goge fuska da kusurwar zanen otal ɗin mutane. Ta ce ki zauna mana, Alƙali. Danuta ta karkata kai irin yadda Nuala ke yi, har da lumshe ido, ta ce a'a, a'a, kada su wahalar da kansu saboda ita. Nuala ta ce ai injin ya riga ya yi zafi. Danuta ta ce to, tunda an matsa, za ta ɗan zauna, shekara goma kawai.

Zanen dai sai da aka sake wanke shi. Sheeba ta fito da kek, aka kankare kalmar ban kwana da wuƙa aka yanka, Samir ya jawo teburin gefen taga ya haɗa da na gefen ƙofa. Fintan ya mayar da cokali kicin, kuma har yau yana gaya wa mutane shi ya sasanta su.

Da aka tashi ana yayyafi. Nuala ta ɗaura ɗankwalinta ta nufi tashar bas don sabo, sai mota ta tsaya a gefenta, gilashi ya sauka. Danuta ta ce, “Sau ɗaya zan faɗa. Shigo.”

Nuala ta buɗe ƙofa ta shiga. Ta dai gaya wa Dessie daga baya cewa kafin ta zauna sai da ta ce a'a sau biyu a zuciyarta, saboda uwarta.